Kamfanin kai sammaci daga Niyok zuwa Teksas: tauraro uku, biyu na matar da ta yi sammako ne

Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan, domin kusan duk wata sai wani ya tare ni bayan sallar Juma'a a Bronx, cikin birnin Niyok, ya ce, "Malam, an ce ka taɓa kai ƙarar wani da ke wata jiha, yaya aka yi takarda ta same shi?" Na gaji da ba da labarin a tsaye. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Irinsu suna da yawa a intanet, kuma duk tallarsu ɗaya ce: ka ɗora takardun kotu a shafinsu, ka biya da kati, su kai wa mutum a kowace jiha cikin jihohi 50 na Amurka.

A watan Maris na 2023 na sayar da motata ta ɗaukar kaya ga wani mutum mazaunin Houston, a jihar Teksas, a kan dala 24,000. Da ƙafarsa ya zo Bronx, ya kwana biyu, ya kai motar wajen bakanike, muka zauna a falona muka sa hannu a takarda. Ya ba da 10,000 a take, saura 14,000 zai riƙa biyan 2,000 duk wata. Ya biya sau ɗaya. Daga nan sai "in sha Allahu mako mai zuwa, Yaya", har wayar ma ta daina shiga. Bashina ya tsaya a 12,000.

Shawarar farko da kowa ya ba ni ita ce in yafe dubu biyu in tafi kotun ƙananan da'awa, inda iyakar abin da ake nema a birnin Niyok 10,000 ne kuma ba sai da lauya ba. Na je har kotun Bronx da ke 851 Grand Concourse na tsaya a layi. Akawun ta tambaye ni inda mutumin yake zaune, na ce Teksas. Ta ce yana aiki a cikin birnin nan, ko yana da ofis? Na ce a'a. Ta turo mini takardata ta ƙarƙashin gilashi. Wannan kotun ba ta miƙa hannu wajen gari. Sai dai babban ɓangaren kotun farar hula ta birnin, wanda ke sauraron da'awa har ta dala 50,000.

Daga nan na biya wata lauya kuɗin zaman awa ɗaya, kuma cikin duk abin da na kashe a wannan rigima babu kuɗin da ya fi wannan albarka. Ita ce ta raba mini abu biyu da nake haɗawa. Na farko, ko kotun Niyok tana da hurumi a kan mutumin Teksas tun asali. Na biyu, ko an sanar da shi ƙarar ta hanyar da doka ta yarda. Kamfanin kai sammaci na biyun kaɗai yake sayarwa. Ko sau goma aka danƙa wa mutum takarda a hannu, in kotun ba ta da hurumi a kansa, kuɗinka ka zubar. Shafin kamfanin bai faɗi haka a ko'ina ba sai a ƙasa can, da ƙananan haruffa, inda suka ce su ba lauyoyi ba ne. Gaskiya suka faɗa, amma da sun ɗaga ta sama kaɗan.

Yadda ta bayyana mini maganar hurumi ya zauna mini a kai. A da can, kotun jiha ba ta da iko da kai sai an same ka a cikin iyakarta, ko dukiyarka. A 1945 Kotun Ƙolin Amurka ta sauya wannan a shari'ar wani kamfanin takalma mai suna International Shoe, wanda hedkwatarsa ke Missouri amma yana da dillalai a jihar Washinton kuma ya ƙi biyan wani haraji a can. Kotun ta ce in mutum ya ƙulla alaƙa da jiha daidai gwargwado, har ya zama kiran sa gaban kotunta bai saɓa wa adalci ba, to ana iya kiran sa. Daga nan jihohi suka yi ta kafa abin da ake kira dokar dogon hannu. Ta Niyok ta ce wanda ya gudanar da kasuwanci a cikin jihar, ana iya ƙararsa a nan kan abin da ya taso daga wannan kasuwancin, ko da yanzu yana bangon duniya. Lauyar ta ɗaga takardar cinikinmu ta nuna mini inda muka rubuta Bronx kusa da kwanan wata. Ta ce, "Wannan kalmar ce shari'arka." Da a waya muka yi ciniki na aika masa motar can, bai taɓa taka Niyok ba, da magana ta yi wuya, domin a 2014 Kotun Ƙoli ta nanata, a shari'ar Walden, cewa alaƙar wanda ake ƙara da jihar ake dubawa. Zaman mai ƙara a jihar kaɗai bai isa ba.

Wani dattijo da na girmama ya kawo tasa dabarar. Ya ce, "Kai dai ka sa a gaya masa ana ɗaurin auren wani nasa, ya zo, mu cafke shi da takardar a ƙofar masallaci." Na yi dariya, amma da na faɗa wa lauyar sai ta ce rabin maganar Alhaji doka ce. A 1990, a shari'ar Burnham, wani mutumin New Jersey ya je Kalifoniya harkar aiki ya biya ya ga 'ya'yansa, aka miƙa masa takardar ƙarar saki a can, Kotun Ƙoli ta ce hurumi ya tabbata. Wanda aka samu a cikin jiha da ƙafarsa, ya shiga hannu. Sai dai in da yaudara aka jawo shi, kotu na iya watsar da sammacin. Ɗaurin auren ƙarya bai shiga ba ke nan.

To, na shigar da ƙara a tsakiyar Satumba. Daga ranar kana da kwana 120 ka isar da sammaci. Ni kaina ba zan iya kaiwa ba, don doka ta hana mai ƙara. Sai wani da ya kai shekara 18 kuma ba ya cikin shari'ar. Akwai hanyar aika wa ofishin ɗan sandan gunduma a can, amma na ji tsoron jira, ga shi ina so in riƙa ganin abin da ake ciki. Shi ya sa na zaɓi kamfanin.

Bari in fara da abin yabo. Shafin nasu ba shi da wahala ko kaɗan. Cikin minti goma na ɗora sammaci da takardar da'awa, na rubuta adireshi, na biya dala 95 na zuwa sau uku. Washegari saƙo ya shigo cewa an ba wani ma'aikaci a gundumar Harris, inda Houston take. Duk zuwan da ya yi, sai in ga hoton ƙofar gidan, da lokaci, da alamar taswira da ke nuna lallai ya tsaya a wurin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Niyok an sha fama da masu kai sammacin da ke jefar da takarda su rantse sun kai, mutum bai san ana ƙararsa ba sai ya ga an riƙe masa asusun banki. Shi ya sa birnin ya wajabta wa masu lasisin wannan aiki ajiye shaidar na'ura ta inda suka je. Ganin hoton nan ya kwantar mini da hankali.

Sai dai hoton ne kuma ya tona musu asiri. Zuwa na farko, Talata, ƙarfe 10:20 na safe. Na biyu, Alhamis, 10:45. Na uku, Litinin, 11:05. Mutumin da ake nema direban motar kaya ne, na rubuta haka a akwatin bayani da hannuna. Wane direba ne ke gida da hantsi ranar aiki? Da alama ma'aikacin yana da zagayen da yake bi kullum, unguwar kuma da hantsi take faɗo masa. Sau uku ya je, amma a gaskiya zuwa ɗaya ne aka maimaita.

Abin da ya fi ƙona mini rai yana cikin bayanin zuwa na biyu. Ya rubuta cewa wani namiji baligi ya buɗe ƙofa, ya ce shi ƙanin mutumin ne, nan suke zaune tare, amma yayan ya fita. Sai ma'aikacin ya juya da takardarsa. Na tura wa lauyar wannan layin, ta kira ni nan take, abin da ba ta saba ba. Ta ce a tsarin Niyok ana iya barin sammaci hannun wani mai hankali da ya isa, a gidan da mutum yake zaune ko wurin aikinsa, sannan a aika kwafi ta gidan waya, shi ke nan. Sashe na 313 na dokar shari'ar farar hula ta jihar ya ce wanda ke wajen Niyok ana kai masa ne ta irin hanyar da ake kaiwa a cikinta. A Teksas kuwa ba a barin takarda hannun wani sai alƙali ya ba da izini tukuna. Ma'aikacin ya bi dokar garinsu, wadda ya sani. Ban ga laifinsa sosai ba. Laifin na ofishin ne da ya karɓi takarda mai ɗauke da sunan kotun Bronx ɓaro-ɓaro a samanta, ya tura Houston ba tare da layi ɗaya na cewa ga yadda Niyok take so ba. Ai wannan shi ne dalilin da ya sa mutum ke zuwa wajen kamfanin da ke cewa ya san jihohi 50. In don ƙwanƙwasa ƙofa ne, da na nemi ɗan gari kai tsaye na rage kuɗi. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Na rubuta musu. Amsar farko na'ura ce ta ba ni. Ta biyu mutum ne, amma bai karanta abin da na rubuta ba: ya ce tunda an je sau uku ba a same shi ba, yana ba ni shawarar in biya dala 150 su binciko sabon adireshinsa. Na ce ƙaninsa ya tabbatar nan yake zaune, yana cikin rahoton ma'aikacinku. Ya ce binciken zai "ƙarfafa fayil". Ranar ina gajiye, kwanaki na tafiya, na biya. Bayan kwana huɗu sakamako ya zo: adireshin da na ba su ne, harafi da harafi. Uwargidana ta leƙo wayar ta ce, "Wato ka biya ɗari da hamsin an karanta maka rubutunka." Ban ce komai ba.

Kwana 58 sun wuce a haka. Na sake biyan 165 na aikin gaggawa, na kuma rubuta da manyan haruffa cewa a canja ma'aikaci. A nan ne sa'a ta zo.

Wata mata ce ta kira ni da yamma, muryarta ta manya, ta ce ita aka ba aikin kuma ta karanta rahoton baya. Ba ta ɓata lokaci ba. Kana da hotonsa? Lambar motar fa? Ina yake ajiye ta da dare, tunda unguwarsu ba a barin babbar mota a bakin titi? Na tuna ya taɓa turo mini hoton motar a wani fili mai shingen waya, da allon wani shagon taya a baya. Na tura mata. Ta ce ta san wurin. Na gaya mata maganar barin takarda hannun ƙanin, ta ce ta gane, amma tunda mutumin zai yi gardama, gara a sa masa a hannu, babu abin da ya fi wannan wuyar musu. Ta ce Lahadi ba za ta je ba, don Teksas ba ta yarda da kai irin wannan sammaci ranar Lahadi ba, Niyok ma haka. Jira kuma dala 75 ne awa ɗaya, in na amince. Na amince da awa biyu.

Ranar Talata, ina shirin fita sallar asuba a nan, can kuma sauran dare tunda suna bayanmu da awa ɗaya, ta turo saƙo: "Na iso." Ƙarfe 5:40 agogonsu hoto ya shigo. Fili ne mai tsakuwa, fitila ɗaya a kan turke, ga motata. An shafe ta da farin fenti, amma sunan tsohuwar sana'ata yana nan a jikin ƙofa kamar inuwa, ana karanta shi in an ƙura ido. Na daɗe ina kallon hoton nan fiye da yadda ya kamata.

Daga baya ta ba ni labari. Ta kira sunansa, ya waiwayo ya amsa. Da ya ga ambulan sai ya zura hannu biyu a aljihu ya ce shi ba zai karɓi komai ba. Ta ce masa takardun kotu ne daga Niyok, ta ajiye su a kan matakalar motar a gabansa. Mutane da yawa sun ɗauka in ba ka taɓa takarda ba, ba a ba ka ba. Ba haka ba ne. Wanda ya ƙi karɓa, in an gaya masa ko mene ne aka ajiye kusa da shi, an kai. Kafin ta tafi ta tambaye shi ko yana aikin soja, ya ce a'a cikin fushi. Ni ban san amfanin tambayar ba sai da lauyar ta ce akwai dokar tarayya da ke kare sojojin da ke bakin aiki, kuma kotu ba ta yanke hukunci a bayan idon mutum sai an kawo shaidar cewa ba soja ba ne. Minti arba'in ta jira, awa ɗaya ta caje ni, ta ce a mayar mini da ta biyun. An mayar, bayan mako biyar.

Na ɗauka an gama. Ashe takardar shaida, wadda ita ce ainihin abin da ka saya, tana gaba. Alƙali bai ga filin tsakuwa ba, bai ga mata ta yi sammako ba. Takardar rantsuwar mai kai sammaci kawai zai gani. A kotun farar hula ta birnin kuma, wanda aka kai wa sammaci a wajen gari yana da kwana 30 ya ba da amsa, kuma ba a fara ƙirga su sai ranar da aka shigar da wannan shaidar wajen akawu. Duk ranar da takarda ta makale a ofishin kamfani, kyauta ce aka ba wanda ya ci maka kuɗi.

Bayan kwana tara ta iso, a fom ɗin Teksas. A lokacin Niyok tana so a siffanta wanda aka ba: namiji ko mace, launin fata, launin gashi, kimanin shekaru, tsawo da nauyi. Babu ko ɗaya. Rantsuwar kuma an yi ta gaban mai hatimi na Teksas, ba a haɗo da takardar da ke tabbatar da cewa rantsuwar wata jiha ta cika ƙa'ida ba, wadda Niyok ke nema a lokacin. Lauyar ta ce wannan na biyun ba ya kashe shari'a, ana gyarawa. Daga baya ma, tun farkon 2024, dokar ta sassauta, ana karɓar tabbacin da mutum ya sa wa hannu ba sai da mai hatimi ba. Amma rashin siffar ƙofa ce a buɗe ga wanda zai ce ba shi aka ba ba. Na rubuta wa kamfanin sau goma sha ɗaya. Na ƙirga. Kowane saƙo sabon mutum ne ke amsawa, kowa sai na faro masa daga farko. A ƙarshe matar na kira kai tsaye, duk da kamfanin ba ya son haka. Ta ce siffar tana cikin littafinta tun ranar, fom ɗin da ofis ya turo mata ne ba shi da gurbinta. Cikin kwana biyu ta cike na Niyok ta aiko. Ranar da na shigar da ita, kwana 103 ke nan da buɗe ƙara.

Mutumin ya ɗauki lauya, kuma abu na farko a amsarsu shi ne kotun Niyok ba ta da hurumi a kansa. Ba su taɓa maganar sammaci ba ko da kalma ɗaya. Hoto da siffa sun rufe wannan bakin. Muka kawo takardar ciniki mai Bronx a jiki, da rasit ɗin bakaniken da ya duba motar, da saƙonsa na "na sauka a LaGuardia", filin jirgin saman birnin Niyok. Ba a kai ga alƙali ya yanke ba, lauyansa ya nemi sulhu.

Na karɓi 9,500 a biya huɗu, kuma ga dalili. Ko na ci shari'a, hukuncin Niyok ba ya cire kuɗi daga aljihun mutumin Houston da kansa. Kundin tsarin mulkin Amurka ya wajabta wa jihohi mutunta hukuncin juna, amma sai ka ɗauki hukuncin ka yi masa rajista a kotun Teksas, ka bi dokar karɓar bashi ta can. Teksas kuwa ba ta yarda a yanki albashin mutum saboda bashi irin nawa ba. Wani lauyan, wani kuɗin, wata shekarar. Na yi lissafi na sa hannu.

Jimillar abin da kamfanin ya ci a hannuna dala 485 ne, kuma 245 daga ciki, wato zuwan hantsi uku da binciken adireshin da na riga na sani, asara ce tsagwaronta. Shafinsu da hotunansu sun cancanci tauraro ɗaya. Matar ta cancanci biyu, da ana ba mutum shi kaɗai da na ba ta biyar. Ofishin bai samu komai ba.

Wanda takardarsa mai sauƙi ce, misali kamfani ake ƙara wanda ya yi rajistar wakilin karɓar sammaci a ofishin sakataren jiha, wannan sabis ɗin zai ishe shi, domin wakilin yana zaune a ofis yana jiran irin takardar. Wanda kuwa yake bin mutum mai ɓuya, in zai yi amfani da su, ya rubuta musu tun ranar farko sunan jihar da kotun take da hanyar da ta yarda da ita, ya haɗa musu da fom ɗin shaidar kotunsa, ya ce zuwa ukun su bambanta: asuba, dare, da Asabar. Ya kuma nemi lambar wanda zai je ƙofar. Za su ce ba sa bayarwa. Ni ma haka suka ce mini, sai da ta kira ni da kanta.

Biya uku sun shigo a kan lokaci. Na huɗun ya makara da kwana goma sha biyu, na har fara neman lambar matar a waya, sai ga shi ya shigo da daddare, ba ko gaisuwa.